Sabuwar Ƙaramar Bindiga: Abin da Nake Yi Kafin In Amince da Ita

Ƙaramar bindigar da aka ciro yau daga kwali ba ta shirya aiki ba, kome tsadarta. Masana'anta ta shafe ta da man hana tsatsa domin ta jure zaman sito da tafiyar jirgin ruwa, sifirin ɗinta na nan da taurinsu, ƙarafan da ke gogar juna ba su saba ba tukuna. A can sukan gwada ta da 'yan harsasai kaɗan kafin su rufe kwalin, amma ba da harsashin da kai za ka riƙa saya ba, ba kuma a hannunka ba, ba a ƙurar Riyad ko raɓar Jidda ba. Wannan gwajin naka ne, babu mai yi maka.

Ni haifaffen Makka ne, kakanninmu daga ƙasar Kano suka zo hajji suka zauna, yanzu ina Jidda da iyalina. Harbin bara a kulob shi ne abin da nake ba lokacin hutuna shekaru masu yawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda samarinmu 'yan ƙasa suka fara sayen musaddas, wato ƙaramar bindiga, musamman tun da baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi duk shekara a Malham, arewa da Riyad, ya yi suna. Yaro zai karɓi bindigarsa, ya ɗauke ta hoto, ya cika magazin, wato gidan harsashinta, ya jefa a durowa, a ransa ya gama. Ɗan ƙanwata ma da ya karɓi tasa cewa ya yi da ni, "Kawu, ai sabuwa ce fil, me za a wanke a jikinta?" Abin da na zaunar da shi na nuna masa shi ne zan shimfiɗa a nan.

Maganar takarda tukuna. Dokar makamai da harsasai ta ƙasar nan, Saudiyya, wadda aka fitar a 1426 Hijira, wato 2005, ta sa lasisi a hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma yanzu yawancin hidimarsa ta Absher, manhajar ma'aikatar, ake yi. Ka karanta naka lasisin da kyau, domin izinin ajiyewa a gida daban, izinin ɗauka daban. Ka dubi lambar da aka buga a jikin bindigar, harafi da harafi, ka gwada ta da wadda ke rubuce a takardarka. In akwai saɓani ko na lamba guda ne, ka koma wurin wanda ya sayar maka tun ba ka yi harbi ko ɗaya ba. Ɗan'uwa mai zama da iƙama, wato takardar zaman baƙi, kada wani ya ruɗe ka da ta hannu-da-hannu. In kana sha'awar koyo, je ka kulob mai rajista ka yi da tasu a gaban mai horarwa. Mai lasisi ma ba ya shiga da ita haddin Haramai biyu, ko masallaci, ko makaranta, ko filin jirgi, ko ofishin gwamnati, ko taron biki. Tun kafin doka, Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɗaukar makami a Makka. Harbin sama a gidan biki kuwa laifi ne da ake hukunta mutum a kai, kuma harsashin da ya hau sama sai ya sauko a kan wani.

Ka'idar riƙo ba ta da yawa, amma ba ta da hutu. Kowace bindiga a ɗure take har sai kai da kanka ka duba ka ga ba kome, kuma ko ka duba, bakinta ba ya kallon mutum. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka daidaita saiti ka yi niyyar harbi. A miƙe yake zama a jikin bindiga. Ka san abin da kake bara, ka san abin da ke bayansa. Buhari da Muslim sun kawo hadisin Abu Huraira da ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko shaiɗan ya fizgi hannunsa. Ina ganin wannan ya isa duk wanda ke juya bindiga a majalisa yana cewa ai babu kome a ciki.

Daren farko, a kan tebur

Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci ko ba sa gida, ka shimfiɗa tsohon tawul mai haske a tebur, ka kunna fitila sosai, ka buɗe taga saboda warin man wanki. Harsasai kuwa ka fitar da su daga ɗakin gaba ɗaya. Ba gefen tebur ba, ba aljihu ba, wani ɗakin.

Sai ɗan littafin da ya zo a kwalin. Na san ba ma son karanta irinsa, amma kowace ƙira da halinta, kuma abin da ya dace da Beretta ba lallai ya dace da CZ ba. In Turanci ya yi maka nauyi, nemi wanda zai karanta maka. Abu na farko da za ka tabbatar shi ne girman harsashi, wanda a rubuce yake a jikin bututu ko silaid, wato ƙarfen saman nan da ke ja da baya ya dawo. Nan mutane ke shiga uku, domin kowa "tara mili" yake cewa, alhali tara milin ba ɗaya ba ne. Akwai 9x19, wanda ake kira Parabellum ko Luger, shi ne na Glock 17 da Glock 19 da Beretta 92 da CZ 75. Akwai 9x17, gajere, wanda ake rubuta wa .380. Akwai kuma 9x18 na Makarov. A ido suna kama da juna, amma ba sa maye gurbin juna. Abin da ke jikin bindiga da abin da ke jikin kwalin harsashi dole su zama abu guda.

Duba ko babu harsashi yana da tsari, kuma tsarin ne ke ceton rai. Magazin ake fara cirewa, shi ne mahzan a bakin mutanen nan. Bayan ya fita sai a ja silaid, a kulle shi a baya, a leƙa ɗakin harsashi da ido, a zura ƙaramin yatsa a taɓa. Wanda ya juya tsarin, ya fara jan silaid kafin ya cire magazin, da hannunsa ya tura sabon harsashi ciki yana zaton ya fitar. Ka sa wannan a ranka sosai in taka Glock ce ko mai irin ƙirarta, saboda ba a kwance ta sai an danna kunama.

Kwancewar da ake bukata ƙarama ce: gangar jiki da ƙota, silaid, bututu, sifirin ɗin maido da silaid tare da sandarsa, sai magazin. Ka tsaya nan. Kada kwaɗayin gani ya kai ka ga fitar da ƙananan fil da sifirin na cikin kunama. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, zai yi maka rana wajen mayarwa. Ka ɗaga bututun ka kalli fitila ta cikinsa: ya kamata ka ga rami mai sheƙi da zanen da ke murɗawa, babu tsatsa, babu ɓurɓushin ƙarfe, babu abin da ya toshe. Ka bi da yatsa a kan layukan da silaid ke gudu a kansu ko za ka ji ƙaya. Ka taɓa saitin gaba da na baya ka ji ko suna motsi. Tsagewa ko da kamar gashi ce, ko saiti mai rawa, dalili ne na mayar da kaya.

Yanzu wanki. Man da aka shafe ta da shi a masana'anta na ajiya ne, kauri gare shi, yana kama ƙura yana danƙarewa, kamar dai sabon keken ɗinki da tela ba ya ɗora wa yadi sai ya goge shi tas. Ka jiƙa ɗan ƙyalle da ruwan wanke bindiga, ka tura shi da sanda ta bayan bututu, wato ta ɗakin harsashi, ya fita ta baki. Ba a farawa ta baki, domin gefen bakin nan shi ne na ƙarshe da ke taɓa harsashi, in sanda ta ci shi saiti ya lalace. Ka bi da burushin tagulla 'yan lokuta, sannan busassun ƙyallaye har sai ɗaya ya fito fari. Sauran sassan tsohon burushin haƙori da tsumma mara gashi sun isa. Fetur, kananzir, man birki da man fesawar nan na kwance kusoshi masu tsatsa, duk ka bar su a gareji; wasu na cin roba da fenti, wasu na bushewa su bar danƙo. Togaciya guda: sabuwar Glock na zuwa da wani giris mai launin jan ƙarfe a cikin silaid, kamfanin da kansa ya ce a bar shi, zai tafi a hankali.

Maganar mai, da ƙasar da muke ciki

A nan nake son in daɗe, domin a nan ne shawarar mutanen ƙasashen sanyi ke ɓatar da mu. Za ka ga Bature a bidiyo yana kwarara wa bindiga mai har tana ɗiga. Shi ba shi da guguwar ƙurar da ke rufe Riyad da Ƙasim rana tsaka. Mai da rairayi in suka haɗu sun zama abin wasa ƙarfe, su cinye layukan silaid a hankali, su toshe abin da ya kamata ya yi gudu. Ka'idata ita ce ɗigo, ba kwarara ba: ɗigo guda a kowane layin silaid, ɗigo a jikin bututu ta waje a shafe shi da yatsa ya zagaye, ɗan kaɗan a wurin da bututu ke kullewa da silaid, da duk inda littafinka ya nuna. In ka mayar da ita ka ja silaid sau da yawa, abin da ya fito waje ka goge. Ƙarfe ya yi sheƙi, kada ya yi jiƙe. A kwanakin gwaji kawai nake ƙara ɗan kaɗan a kan haka, saboda a lokacin ne gogayya ta fi yawa, kuma a cikin ɗakin kulob ake yi inda babu iska mai ƙura.

Wurare uku ba sa son mai ko kaɗan. Ramin allurar da ke bugun gindin harsashi: mai a nan yana tara datti ya rage wa allura ƙarfi, ka danna kunama ka ji ƙas ba tashi. Cikin bututu da ɗakin harsashi: a bushe suke zama ranar harbi, mai a ciki yana ƙara matsi. Sai cikin magazin.

Mu na bakin Bahar Maliya kuma tamu matsalar daban ce. A Jidda da Yanbu da Jazan iska ɗauke take da ruwa da gishiri, tsatsa na iya fitowa a sawun yatsa cikin 'yan kwanaki. Ka fito da ƙarfe daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa waje a watan Agusta ka ga yadda yake yin gumi nan take, kamar yadda tabarau ke yi. Saboda haka mu bayan bindiga muke shafawa da tsumma mai ɗan danshin mai duk lokacin da hannu ya taɓa ta, cikin kuwa muna nan a kan ɗigo. Wanda ke Riyad ya fi tsoron ƙura, wanda ke Jidda ya fi tsoron tsatsa, wanda ke zirga-zirga tsakaninsu ya ji tsoron duka biyun.

Magazin shi ne abin da aka fi rainawa, alhali kaso mai yawa na cijewar bindiga daga gare shi yake. Ka goge cikinsu da busasshen tsumma, ka rubuta wa kowanne lamba a gindi da alƙalamin fenti: 1, 2, 3. Dalilin lambar zai bayyana a fili. Sabon magazin tauri gare shi, na Glock 17 mai cin 17 sai ka ga biyun ƙarshe sun ƙi shiga sai da ɗan abin turawar da ke zuwa a kwali. Ba lalacewa ba ce, sifirin ne bai saki ba.

Kafin ka tashi daga teburin, ka mayar da ita ka gwada ta ba harsashi, bakinta na kallon bangon da babu kowa a bayansa. Ka sa magazin wanda ba kome ka ja silaid: ya kamata ya tsaya a baya. Ka danna maɓallin magazin: ya faɗo da kansa. In tana da makullin hana tashi, ka kulle ka danna kunama: kada ta motsa. Ka buɗe ka danna, ka riƙe kunamar a danne, ka ja silaid ka saki, sannan ka sassauta yatsa a hankali har ka ji ƙas ɗin komawarta. Yawancin masu cin 9x19 ba sa damuwa da danna kunama ba harsashi, amma masu cin .22 allurarsu na bugun gefen ɗakin harsashi ta lalata shi. Harsashin roba na gwaji ba shi da tsada, ka saya ka huta.

Ranar kulob

Shigar tufafi ma tana da magana. Kwanson da bindiga ke tofarwa da zafi yake fita, kuma wuyan tob, wato doguwar rigar nan, a buɗe ko faffaɗan hannun riga wurin faɗawarsa ne. Mutum ya ji wuta a ƙirji, ya zabura, ya juyo da bindiga a hannu: hatsarin ke nan, ba ƙunar ba. Ka rufe maɓallin wuya har sama ko ka sa riga mai kama jiki, ka ajiye shimag, ƙyallen kan nan, a mota ka sa hula mai baki, ka bar silifa ka sa takalmi rufaffe. Tabarau na kariya dole ne. Kunne kuma ka ninka masa, na cusawa a ciki, na rufewa a sama. Ƙarar 9x19 na kaiwa wajen desibel 160, alhali daga 140 kunne na iya samun illa a take, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Harsashin gwaji ya zama sabo daga masana'anta, daga mai sayarwa mai lasisi, mai zagayayyen kai da aka lulluɓe da jan ƙarfe, mai kwanson tagulla. Na 9x19 ana samunsa da nauyi uku da aka fi sani, 115 da 124 da 147, a ma'aunin giren da ake bugawa a kwali. Ni 124 nake zaɓa wa sabuwa, domin yana tura silaid da ƙarfin da ya ishi sifirin mai tauri. Mai sauƙin 115 in albarushinsa ba shi da yawa yakan kasa kai silaid ƙarshe, a ɗora wa bindiga laifin da ba nata ba. Harsashin da aka sake ɗurawa a gida, ko wanda ya shekara goma a akwatin wani kawu, ba na gwaji ba ne. Masu Glock kuma su guji kan darma tsirara, zanen cikin bututunta na tara darma.

Ka gaya wa mai horarwa cewa yau ne harbinta na farko, ya tsaya kusa. Harsashi ɗaya tal za ka sa a magazin. Ka harba, ka duba: kwanso ya fita, silaid ya tsaya a baya? Sai ka sa biyu. Hikimar biyun ita ce, in akwai aibi a kunama da zai sa ta saki fiye da ɗaya a danna guda, abu ne da ba kasafai ake gani ba, to a biyu zai tsaya, ba a cikakken magazin ba. Sai biyar, sai goma, sannan ka cika. In dokar kulob ta yarda ka tsinci kwanson farko-farko ka duba. Alamar allura ta zama a tsakiya, mai zurfi daidai. Kwanso mai kumburi, ko tsagagge, ko wanda gindinsa ya huje, yana cewa ka dakata ka nuna wa masani.

Ka fara daga mita 5 zuwa 7, a hankali, harbi ɗaya numfashi ɗaya. Ba gwanintarka ake aunawa yau ba, halin bindiga ake karantawa. Kuma don Allah kada ka taɓa saiti a ranar farko. Ɗan ƙanwata da ya ga nasa duk suna sauka ƙasa ta hagu, sai ya ce, "Kawu, saitinta a karkace yake." Na ce ya miƙa wa mai horarwa, mutumin ya zuba biyar a tsakiya. Mai harbi da dama in yana fizgar kunama, ko yana tunkuɗa bindiga ƙasa don tsoron ƙara, ƙasa ta hagu harsashinsa ke zuwa; bahago kuma ƙasa ta dama. Sai an ɗora hannu a kan matashi an yi harbi a natse a mita 10 ko 15, an ga duk sun taru a gefe guda, wani gwani ma ya samu haka, sannan ake maganar saiti. Ka'idarsa kuwa: saitin baya ana matsar da shi zuwa ɓangaren da kake so harsashi ya koma.

Ka zo da ɗan littafi da biro. Duk lokacin da ta cije ka rubuta abu huɗu: harbi na nawa ne, wane magazin, wane harsashi, wace irin cijewa. Wani lokaci kwanso ne zai maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita. Wani lokaci sabon harsashi ne zai tsaya a karkace bai shiga ɗaki ba. Wani lokaci biyu ne za su yi karo, tsohon kwanso bai fita ba sabo ya taho. Wani lokaci silaid ne zai rage kaɗan bai rufe ba. Bayan kwali biyu ko uku littafin zai yi magana da kansa. In duk cijewar a magazin mai lamba 2 take, ka san mai laifi, ka ware shi. In da harsashin kamfani guda ne kawai, ka sauya. In a hannunka take yi ba ta yi a hannun mai horarwa, to riƙo ne: bindiga mai silaid na bukatar wuyan hannu a kafe domin ta samu abin dogara, sako-sakon riƙo na shanye ƙarfin da zai maido da silaid. Haka kuma wanda silaid ɗinsa ba ya tsayawa a baya bayan harsashin ƙarshe, ya duba babban yatsansa, sau da yawa shi ne ke kwance a kan ɗan maɓallin da ke tsayar da shi.

Abu biyu kuwa ba na rubutu ba ne, na tsayawa cak ne. In ka danna ka ji ƙas ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita, kada ka buɗe nan take. Bakinta na kallon allon bara ka ƙirga sakan 30, domin akwai harsashin da ke jinkirin kamawa. Na biyun ya fi muni: ka ji ƙara 'yar ƙarama ba irin ta kullum ba, bindiga ba ta tura hannunka sosai ba, wataƙila da ɗan hayaƙi. Wannan alama ce kan harsashi ya tsaya a cikin bututu. Wanda ya sake harbi a kansa bututu na iya fashewa a hannunsa. Ka cire magazin, ka kulle silaid a baya, ka ɗaga hannu ka kira mai horarwa, a zura sanda a tabbatar.

Harsashi nawa ne ke sa ta saki jiki? Ya danganta da ƙira. Kamfanin Kahr na Amurka ya rubuta 200 a littafinsa. Masu ƙirar 1911 da aka haɗa su a matse, irin na kamfanin Kimber, ana kiran 400 zuwa 500. Irin su Glock da aka ƙera don soja, da ɗan sarari tsakanin sassansu, galibi lafiya suke tafiya tun daga kwalin farko. Ni ma'aunina ba ya sauyawa ko wace ce: 200 zuwa 300, wato kwali huɗu zuwa shida na masu 50, a raba su a zuwa kulob biyu ko uku, a wanke ta a sa mai tsakanin kowane zuwa, kowane magazin ya samu rabonsa. Cijewa ɗaya ko biyu a hamsin ɗin farko ba ta tayar mini da hankali. Abin da nake nema shi ne ɗarin ƙarshe su wuce ba tangarɗa ko ɗaya, da irin harsashin da zan ci gaba da amfani da shi. Na san harsashi ba araha ba ne, amma wanda ya iya sayen bindiga ya sa kuɗin kwalayen nan a cikin farashinta tun farko. Kada kuma ka zazzage su a jere don ka gama da wuri. In silaid ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, ajiye ta a buɗe ta huce, kai ma hannunka ya huta, domin gajiyayyen hannu ƙarya yake yi wa littafi.

Wajen wankin bayan kowane zuwa za ka ga baƙin fenti ya fara gogewa a bayan bututu da kan layukan silaid, wuri ya yi haske sumul. Wannan shi ne sabawar da ake nema. Abin da ba a so shi ne ƙarfe ya yi tauna, ko gefe ya lanƙwashe, ko ka riƙa samun ɓurɓushin ƙarfe a tsumma bayan zuwa na biyu. In ta wuce 300 tana cijewa da magazin daban-daban, da harsashi daban-daban, a hannun mutum fiye da ɗaya, ka ɗauki littafinka da rasit ka koma wa wakilin da ya sayar. Kada ka sa mata zarto ko takardar goge ƙarfe don wani ya nuna a intanet. Garanti zai tafi, kunama na iya zama mai tashi da kanta, kuma doka ba ta yarda a sauya wa makami yadda yake aiki ba. Gyara sai wurin mai izinin gyara.

Mai libarba aikinsa ya fi sauƙi. Ya wanke bututu da kowane rami na gangar da ke juyawa, ya tabbatar ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwanso a bushe yake ba datti, ya duba sandar fitarwa ba ta kwance ba, ya harba kwali biyu yana lura ko ganga na kullewa daidai a kowane rami.

Da ka gama harbi, ka wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi kafin ka taɓa abinci ko ka ɗauki yaro. Ƙurar darma na manne wa fata da tufafi, mu kuwa da hannu muke cin kabsa. Rigar kulob a wanke ta daban da kayan yara.

Sai ajiya. Akwatin ƙarfe mai makulli ko lamba, a kafe shi a bango ko cikin kabad, bindiga ba harsashi a ciki, harsasai a wani wurin daban shi ma a kulle. Gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi da jikoki, balle lokacin Umra da Hajji da 'yan'uwa ke sauka daga Najeriya da Nijar da Sudan, kuma saman kabad ba maɓoya ba ce ga yaro ɗan shekara bakwai. Mabuɗi a jikinka yake kwana, ba a rataye a ƙusa ba. Kada ka bar ta a cikin kuben fata ko soson kwalinta, dukansu na riƙe danshi. Ka sa 'yan ƙunshin nan masu shan raɓa a akwatin, ka riƙa sauya su. Kada ka bar ta a mota, inda zafin bazara a Riyad ke kaiwa digiri 45 a waje, cikin mota kuwa ya fi haka nesa, mai ya tsiyaye ya bushe, ga kuma ɓarawo. Harsashin da aka tura ɗaki aka fitar sau da yawa kansa na nutsewa cikin kwanso, matsi ya ƙaru; ka jera shi da sabo a tebur, in ya fi guntu ka miƙa shi ga kulob su zubar. Mu na Jidda duk wata nake so a buɗe akwati a duba tsatsa a sake shafawa, na Riyad da Madina za su iya kai wata biyu ko uku, amma su leƙa cikin magazin saboda ƙura.